Ya kamata ɗalibin TP ya rubuta gaskiyar abin da ya faru a aji, kuma ya bari 'yan'uwansa su karanta

Firamaren da nake koyarwa kusan kowace shekara ana turo mana ɗaliban kwalejin ilimi su yi TP, wato gwajin koyarwa a makaranta ta gaske, kuma ni dai ina murna da zuwansu saboda suna rage mana nauyi sosai. A wannan zangon wani yaro mai natsuwa, wanda kullum yake riga wasunmu zuwa, ya kawo min lesin not ɗinsa, wato littafin tsara darasi, in duba kafin a kai wa hedimasta ya sa hannu. Ranar Litinin ce. Na buɗe na ga ya tsara darussan satin gaba ɗaya, wannan kam haka ake so. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙasan kowane darasi, wurin nan da aka ware don malami ya faɗi yadda darasin ya kaya bayan ya fito daga aji, shi ma ya riga ya cike shi har na ranar Juma'a, kuma duk magana ɗaya ce: an gabatar da darasi cikin nasara, ɗalibai sun fahimta.

Na ce masa, ƙanina, darasin Juma'ar da ba ka yi ba tukuna, ya aka yi ka san sun fahimta? Ya ce Malam ai haka kowa yake yi, in sufabaizan da kwaleji ke turowa ya zo ya ga wurin babu komai sai ya rage maki.

Ban ga laifinsa ba, abin da ya tarar ke nan. Amma raina ya ɓaci, saboda wannan ɗan layin shi kaɗai ne wurin da aka tambayi ɗalibi ya yi tunani a kan aikinsa, sai ga shi mun mayar da shi wurin cike gurbi.

Ra'ayina a fili yake. Duk wanda ke koyon aikin malanta, tun daga ranar da ya fara tsayawa gaban allo, ya riƙa rubuta abin da ya faru a ajinsa da gaske, me ya shirya, me ya auku, a ina yaran suka ɓace masa, me zai canza gobe. Kuma kada rubutun ya tsaya a jakarsa, a samu abokan karatunsa uku ko huɗu masu karantawa suna mayar masa da magana, shi ma yana karanta nasu. Ko a littafi ne ko a waya, wannan bai dame ni ba. Ina ganin wannan ya fi rabin abin da muke tilasta musu a TP amfani.

Yadda TP ɗin yake a yanzu

Ga wanda bai sani ba, NCE, wato shaidar malanta da kwalejin ilimi ke bayarwa, karatun shekara uku ne, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimi na ƙasa ya yarda mutum ya koyar da ita. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, da aka kafa a 1989 ita ke tsara manhajar kwalejojin. A shekara ta biyu ana yin ɗan gwajin koyarwa a cikin kwaleji, ɗalibi ya koyar da 'yan ajinsu na wasu mintoci suna kwaikwayon yara, sannan a shekara ta uku a tura shi makaranta ta gaske.

To daga nan fa sai shi kaɗai. Sufabaiza zai zo, amma sau nawa? Mutum ɗaya an ɗora masa ɗalibai da yawa a makarantu daban-daban, wasu a cikin gari wasu a ƙauye, kuɗin mai ma wani lokacin daga aljihunsa, zai shigo ya zauna a bayan aji na ɗan lokaci ya duba lesin not ya duba kayan koyarwa ya cike fom ya wuce makaranta ta gaba. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin zai zo, ɗalibi ya sha guga, ya zana kwali mai kyau, ya ma gaya wa yara tun jiya waɗanda za su ɗaga hannu. Sauran ranakun, waɗanda su ne ainihin koyarwar, babu wanda ya gani kuma babu inda aka ajiye su.

Malamin ajin da ya kamata ya zauna da shi kuwa, mu faɗi gaskiya tunda ni ma a cikinsu nake, da yawanmu da zarar 'yan TP sun iso sai mu miƙa alli da rijista mu koma gindin bishiya.

Wane irin rubutu nake nufi

Ba dogon insha'i ba. Ga misalin irin abin da zan so in gani daga ɗalibar da ta koyar da lissafi a aji uku:

"Yau na yi ɗebewa mai aro. Na ba su 42 a ɗebe 17, sama da rabin ajin suka rubuta 35. Da farko na ɗauka rashin kula ne, da na zauna da littattafan sai na ga duk abu ɗaya suka yi, sun ɗebe 2 daga 7 suka samu 5, suka ɗebe 1 daga 4 suka samu 3. Wato a kowane layi ƙaramin suke cirewa daga babba. Ni kuma sau uku ina tambaya kun gane, suna cewa mun gane. Gobe zan zo da tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, in sa su kwance ɗauri ɗaya da hannunsu. Wanda ya taɓa koyar da wannan, me ya yi masa aiki?"

Shi ke nan. Bai kai minti goma ba. Amma duba abin da ya faru a ciki: ta daina cewa yaran daƙiƙai ne, ta gano cewa kuskuren nasu yana da tsari, akwai wata ƙa'ida da suka ƙirƙira a kansu suke bi. Ta kuma gano cewa "mun gane" da yara ke amsawa baki ɗaya ba shaida ba ce, girmamawa ce kawai. Akwai malaman da suka shekara ashirin a aji ba su tsaya sun lura da wannan ba, kuma ba rashin basira ba ne, babu wanda ya taɓa sa su zauna su kalli aikinsu ne.

Me ya sa sai an rubuta, ba za a yi tunanin a zuci ba? Saboda zuciya tana yi wa mai ita gyara. In ka fito daga darasin da ya lalace, kafin ka iso gida ka riga ka shirya wa kanka labari, zafi ne ya yi yawa, yaran ne ba su karya ba, ajin maƙwabta ne suka cika surutu. Bayan sati ɗaya ma ba za ka tuna ya lalace ba. Amma in ka ɗauki biro, dole ka faɗi wane yaro, wace tambaya, a wane wuri, kuma a nan ne uzurin yake fara warwarewa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ana jingina wa Imam Shafi'i cewa ilimi abin farauta ne, rubutu ne igiyar ɗaure shi, kuma kowa ya taɓa jin maganar Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Ɗalibanmu suna haddace sunan John Dewey a darasin falsafar ilimi su rubuta a jarrabawa cewa ya ba tunani a kan aiki muhimmanci, su ci maki, amma ba a taɓa sa su yi tunanin ba ko sau ɗaya.

"Ai muna da lesin not"

Wannan ce amsar farko da nake samu. Lesin not niyya ce, kafin a shiga aji ake rubuta shi. Abin da nake magana a kai labari ne na bayan an fito. Tsakanin biyun nan ne duk koyon aikin yake. Ɗalibin da yake da lesin not hamsin masu kyau kuma bai da ko shafi ɗaya na abin da ya auku, ya koyi tsara takarda ne kawai. Balle ma mun san yadda lesin not ɗin ke yawo, na 'yan bara ake karɓa a kwafe, har da kuskuren rubutun da ke ciki.

"Ina lokacin?"

Wannan ƙorafin ina ɗaukarsa da muhimmanci, don na san halin da suke ciki. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya shiga makarantun gwamnati a manyan garuruwanmu ya san ajin da yara suka haura ɗari ba abin mamaki ba ne, wasu a kan benci wasu a ƙasa wasu a bakin taga. Ɗalibar TP ta tashi ta yi aikin gida, ta hau adaidaita da kuɗinta, ta koyar, ta dawo da tarin littattafan da za ta yi makin, wata da goyo, wani kuma da yamma shago yake tsare ko ya ja babur don ya samu kuɗin makaranta. Sai kuma ka ce ya ƙara rubutu?

Eh, amma a rage masa wani. Ni da za a tambaye ni, sai a rage yawan kwafe-kwafen da ake sa su, darasi ɗaya a sake rubuta shi da dogon tsari don kawai aji biyu za a shiga da shi, da zanen kwalin da ba don yara ake yinsa ba sai don idon sufabaiza. Kuma ba kowane darasi za a yi wa rubutun ba. Darasi ɗaya a rana, wanda ya fi damunka, ko ma sau uku a sati. Wanda ranar ta cuɗe masa ya yi layi biyu ya kwanta. Abin da ba na so shi ne a bari sai ƙarshen zango a zauna a ƙirƙiro na wata uku a dare ɗaya, wannan kam gara ma ba a yi ba.

Maganar kunya, wadda ita ce babbar matsalar

In muka cire duk sauran uzurori, wannan ce ta rage. Mun tashi a kan cewa malami ba ya cewa ban sani ba. Yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya, yau aka fara ce masa Malam, yara suna rusuna masa, sai ka ce ya rubuta da hannunsa cewa yau wata yarinya ta yi min tambayar da na kasa amsawa sai na daka mata tsawa, kuma ya miƙa wa abokinsa ya karanta? Da wuya. Ga tsoron kada a mayar da shi abin hira a hostel.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. TP ita ce kaɗai lokacin da aka yarda ka yi kuskure a aikin nan, don sunanka ɗalibi. Wanda ya ɓoye rauninsa a watannin nan zai ɗauke shi ya shiga aiki da shi, kuma a lokacin babu mai gaya masa, yara ba za su iya ba, abokan aiki ba za su so su ɓata da shi ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da yadda aka yi korar, kuma ba ita ce maganata a nan ba. Abin da ya dame ni shi ne mutum ya shekara da shekaru a aji, karo na farko da wani ya duba abin da ya iya ya zama ranar da za a raba shi da abincinsa. Da tun yana ɗalibi ya saba abokinsa ya ce masa wane, wannan ƙa'idar fa ba haka take ba, da abin ya zo da sauƙi ga shi da yaran da suka ratsa ta hannunsa.

Kuma wai mu ne za a koya wa zama a gyara wa juna? Je ka ga mahaddata in sun zauna musaffa. Gwani ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka, amma yana karatu na kusa da shi zai tsayar da shi a kan wasali ɗaya, ya koma ya gyara ya ci gaba, babu wanda ya ji an ci mutuncinsa, don kowa a da'irar zai karanta kuma kowa za a iya tsayar da shi. Sirrin ke nan, kowa yana ciki. Shi ya sa nake cewa ƙungiyar ta zama ƙarama, mutum huɗu ko biyar da suka zaɓi juna, kuma sharaɗin shiga shi ne ba ka karanta na wani sai ka kawo naka. Inda mata suka fi sakewa a tsakaninsu, a bar su su yi tasu.

"Makaho zai ja makaho?"

Wani abokin aikina ya ce min, to su da duk ɗalibai ne, me wani zai koya wa wani? Akwai gaskiya a ciki, ɗalibi zai iya ba ɗan'uwansa shawarar banza, misali ya ce ka samo bulala mai kyau kawai za su natsu. Saboda haka ina so a samu babba ɗaya da ke leƙa rubutun lokaci-lokaci, lakcara ko wani tsohon malami a makarantar.

Sai dai kada a raina abin da ɗalibai ke iya yi wa juna. Na farko, matsalarsu ɗaya ce kuma a lokaci ɗaya. Lakcaran da ya bar ajin firamare shekara goma sha biyar ya manta yadda ƙafa ke rawa a ranar farko, amma abokiyar karatunka da aka tura wata makaranta a wancan gefen gari, ita ma jiya ta sha fama da yaran da suka tara 1/2 da 1/3 suka samu 2/5, kuma wataƙila ta gwada yanka lemo ko ninke takarda ta ga abin da ya yi aiki. Na biyu, akwai abin da mutum ba zai taɓa gani a kansa ba sai wani ya karanta rubutunsa na sati uku a jere ya ce, wai ka lura duk yaran da kake ambata 'yan layin gaba ne, kuma duk maza? Na uku, kuma wannan ba ƙarami ba ne, kaɗaici. Ɗalibai da yawa a TP suke yanke shawarar cewa su da koyarwa har abada, saboda sun ɗauka su kaɗai ne ajin ya gagara. Ranar da ka karanta cewa wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajinku shi ma ya fito daga aji kamar ya yi kuka, sai zuciyarka ta ɗan kwanta.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske a kan wannan suka gina aikin. A Japan sama da shekara ɗari ke nan malamai suna haɗuwa su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar saura su zauna suna kallon yaran suna rubutawa, bayan an tashi a zauna a tattauna a gyara. Wani abu mai kama da haka ya shigo Najeriya ta shirin SMASE na horar da malaman lissafi da kimiyya da hukumar JICA ta Japan ta tallafa, wanda ya fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Wato tunanin ya iso mana tuntuni, sai dai ya fi tsayawa a bita ta malaman da ke kan aiki, ana zuwa a yi kwana kaɗan a watse. Ni kuwa ina ganin a kwaleji ya kamata a dasa shi, tun mutum bai saba rufe ƙofar ajinsa ba.

Ko a tarihinmu ma, malaman da muke alfahari da su ba a kaɗaice suka yi aiki ba. A Bauchi a farkon shekarun 1940 su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa zama suke yi na tattaunawa da muhawara, kuma a 1948 Malam Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa. Mutanen nan masu rubutu ne, masu bari a ƙalubalance su.

Da wane harshe?

Da wanda tunanin ke zuwa. In aka ce dole da Turanci, an kashe abin tun kafin a fara, saboda ɗalibin da ke tsoron kuskuren nahawu zai koma kan jimlolin nan biyu da ya haddace, su ne dai "an gabatar da darasi cikin nasara". A bar shi ya rubuta da Hausa, ko ya cakuɗa, yadda dai yake magana da abokinsa. Ban ce Turancinsa ba ya bukatar gyara ba, yana bukata ƙwarai, amma akwai darasin da aka ware don haka. A nan so muke mu ji abin da ya gani.

Akwai ma wata fa'ida. Yawancin abin da ke faruwa a ajin firamare a ƙasar Hausa da Hausa yake faruwa, ko da littafin na Turanci ne. Yadda malama ta fassara wa yara aro a lissafi, kalmar da ta yi amfani da ita wajen bayanin tururi ko inuwa, wadda yara suka kama nan take da wadda ta rikita su, duk wannan ilimi ne da babu shi a handawut ɗin kowace kwaleji, kuma kullum ɓacewa yake yi don ba mai rubutawa.

Kada a sa masa maki

Nan ne zan saɓa da wasu lakcarori da na san suna goyon bayan abin. Suna cewa ɗalibinmu in babu maki ba zai yi ba. Na yarda, amma ranar da aka ce wanda rubutunsa ya fi kyau shi zai fi maki, ranar nan gaskiya za ta bar rubutun. Kowa zai zama gwarzo a labarinsa, ko kuma a koyi ƙirƙirar ɗan ƙaramin kuskure mai kyan gani don a nuna tawali'u, har a samu masu rubuta wa mutane a biya su kamar yadda ake yi da furojet.

Abin da zai yiwu shi ne a sa shi ya zama sharaɗi, ka yi ko ba ka yi ba. Ka rubuta a kan lokaci, ka karanta na 'yan ƙungiyarka ka mayar musu da magana, an wuce wurin. Abin da ka faɗa a ciki kuwa ba zai taɓa rage maka maki ba, kuma a gaya wa ɗalibai haka a rubuce. Sufabaiza ya karanta kafin ya shiga ajin, ba don ya kama laifi ba, don in ya zo ya san me zai duba. Bambanci ne babba tsakanin wanda ya shigo da fom yana neman ko ka rubuta kwanan wata a allo, da wanda ya ce na ga kin rubuta cewa 'yan baya ba sa jin ki, bari yau in zauna a can in gani.

Amanar yara da ta makarantar

Wannan ba ƙorafin kowa ba ne, ni nake ƙara shi, don na ga yadda waya ta sa komai ya zama abin yaɗawa. Rubutun nan ba wurin tona asirin yara ba ne. Ba sunan yaro, ba hotonsa, ba bidiyon wanda ya kasa karatu ana dariya, ba labarin gidansu. A ce wata yarinya a layi na uku ya wadatar. Haka malaman makarantar da suka karɓe ka, ba a turo ka ka rubuta rahoto a kansu ba, ko da ka ga abin da bai yi maka ba. Rubuta abin da kai ka yi. In ka ga abin da ya shafi cutar da yaro, wannan ba na ƙungiyar abokai ba ne, hedimasta da sufabaiza za ka samu kai tsaye. Kuma abin da aka karanta a cikin mutum biyar ya tsaya a cikin mutum biyar, wanda ya fitar a cire shi.

"Gyara albashi tukuna"

Na san za a faɗa, kuma ni ne zan fi kowa son a gyara. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ajinsa babu rufi, ba rubutu ne zai share masa hawaye ba, kuma ban ce wannan zai maye gurbin gina ajujuwa da ɗaukar malamai ba. Amma yaran da ke aji uku a bana ba za su tsaya jiran ranar da za a gyara ba, baɗi suna aji huɗu, da 35 ɗinsu a matsayin amsar 42 a ɗebe 17. Cikin duk abubuwan da ilimin Arewa ke bukata, wannan na cikin 'yan kaɗan da ba sa jiran kasafin kuɗi ko kwangila. Littafi ɗaya ne da biro, da shugaban sashe ɗaya da zai ce daga bana haka za mu yi.

Abin da nake roƙon kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi na jami'o'i shi ne su fara tun daga gwajin koyarwa na shekara ta biyu, ɗalibi ya gama mintocinsa ya zauna ya rubuta, biyu daga cikin waɗanda suka kalle shi su karanta su amsa, ta yadda kafin TP hannu ya saba. A wajen rabon makarantu a riƙa tura 'yan ƙungiya ɗaya wuri ɗaya ko kusa da juna, kuma a nemi hedimasta ya bar musu fili a jadawali ko sau ɗaya a sati wani ya shiga ajin wani ya zauna. In an dawo kuma, kada a faɗa lakca washegari kamar ba a je ko'ina ba. A ware satin farko, kowace ƙungiya ta zo da littattafanta ta zaɓi matsala ɗaya da ta fi maimaituwa a rubutunsu ta gabatar wa sauran, lakcarorin koyar da dabarun koyarwa suna zaune suna ji, don su ma su san wane ɓangare na abin da suke koyarwa ne ya yi aiki a ajin yara ɗari da wanda bai yi ba. A cire sunaye a tara abin da aka samu a ajiye a sashen, 'yan shekara mai zuwa su karanta kafin a raba musu takardun turawa.